Star Trek: kamfani ya haifa, 'yan kallo suka rena

Ranar 17 ga Satumban 1976, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito da kumbonta na farko a jerin waɗanda aka ƙera don su je sama su dawo su sauka a fili kamar jirgi. A garin Palmdale na jihar Kalifoniya aka yi bikin. Sunan da hukumar ta tanadar wa kumbon shi ne Constitution, domin ranar ta dace da ranar tunawa da tsarin mulkin ƙasar. Da aka jawo shi waje kuwa, abin da ke rubuce a jikinsa Enterprise ne, sunan wani jirgi da bai taɓa wanzuwa ba sai a cikin wani shirin talabijin da aka soke shekara bakwai kafin nan don ya ƙi kasuwa. Wasiƙun masoya shirin ne suka yi wa fadar Shugaba Gerald Ford ruwa, shi kuma ya ce a sauya sunan. Akasarin 'yan wasan shirin suna tsaye a wurin, 'yan badujala suna busa takensa. Abin dariyar shi ne wannan kumbon bai taɓa leƙa sararin samaniya ba. Ba shi da injin zuwa can, an gina shi ne don gwajin sauka kawai, yanzu yana ajiye a wani gidan tarihi a New York. Masoyan sun ci nasarar raɗa wa jariri suna, sai dai jaririn da ba zai yi tafiya ba ne.

Shirin shi ne Star Trek. Duk mai son ya gane yadda ya kai kusan shekara sittin yana raye, da fina-finan silima 13 da jerin shirye-shirye masu ɗaruruwan kashi, sai ya fara da gane cewa akwai mutum biyu da kowannensu yake ganin ɗan nasa ne. Akwai kamfanin da takardun mallaka ke hannunsa, akwai kuma 'yan kallon da suka ɗauki yaron ranar da aka yar da shi. Mu da muka san riƙo mun san irin rigimar da ke tashi idan ɗan riƙo ya girma ya yi arziki.

Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi. Tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi aikin ɗan sanda a Los Angeles kafin ya koma rubuta wasannin talabijin. Da zai tallata wa masu kuɗi, ce musu ya yi fim ɗin kaboyi ne amma a sararin samaniya: jirgi ɗauke da mutum fiye da 400 yana yawo daga wannan duniya zuwa waccan, kowane mako da abin da zai tarar. Kamfanin Desilu na 'yar wasan barkwanci Lucille Ball ya ɗauki nauyi. Tashar NBC ta kalli gwaji na farko ta ce ya cika zurfin tunani, amma ta yi abin da ba a saba yi ba, ta biya kuɗin gwaji na biyu. Ranar 8 ga Satumban 1966 aka fara nunawa a Amurka, da William Shatner a matsayin Kyaftin Kirk, Leonard Nimoy a matsayin Spock mai tsinin kunne wanda rabinsa mutum ne rabinsa ɗan duniyar Vulcan, da DeForest Kelley a matsayin likita McCoy mai yawan mita.

Wanda ya kalle shi yau zai iya yin dariya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ni kaina a irin faya-fayan DVD ɗin nan da ake cusa wa fim goma a ɗaya na fara cin karo da shi, kuma abin da ya fara zuwar mini shi ne duwatsun nan na soso ne, ƙofofin kuma wani ne a ɓoye yake jan su. Haka ɗin ne kuwa. Sai da na yi nisa na lura da waɗanda ke zaune a ɗakin tuƙin jirgin. A 1966, ana tsakiyar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da yaƙin Vietnam, ga mace baƙar fata tana riƙe da sashen sadarwa da muƙamin hafsa, ga ɗan asalin Japan a kan sitiyari, wanda ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, George Takei, ya yi ƙuruciyarsa a sansanonin da Amurka ta tsare Japanawa lokacin yaƙin duniya na biyu. A zango na biyu aka ƙaro ɗan Rasha, alhali ƙasashen biyu na nuna wa juna makaman nukiliya. Shirin bai tsaya yin wa'azi a kan wannan ba, ya dai nuna su suna aikinsu. Masu kallon da ke tsoron ko duniya za ta kai ƙarshen ƙarnin sun ga wani yana cewa za ta kai, har ma za a daina wasu haukan.

Sai dai alƙaluman masu kallo ba su taɓa gamsar da NBC ba, kuma tashar kasuwanci da kuɗin talla take rayuwa. A ƙarshen 1967 raɗe-raɗi ya bazu cewa daga zango na biyu an gama. Nan wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka shigo. Sun daɗe a cikin ƙungiyoyin masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda tun shekarun 1930 suke da al'adar rubuta wa juna wasiƙa da haɗuwa a taro. Suka samo adireshin mutane kimanin 4,000, suka aika wa kowa takarda cewa ya rubuta wa NBC, ya kuma sa wasu goma su rubuta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idojin da suka gindaya, don sun nuna sanin yadda ofis yake aiki. Kada ka rubuta sunan shirin a bayan ambulan, domin da magatakarda ya gani zai tura wa masu shirin ba tare da ya buɗe ba, manyan tashar ba za su taɓa gani ba. Kada ka yi zagi ko barazana. Kada a tara sa hannun mutum ɗari a takarda ɗaya, don za a ƙirga ta a matsayin wasiƙa ɗaya, kowa ya sayi kan sarkinsa ya rubuta da kalmominsa. Cikin 'yan watanni wasiƙu fiye da 100,000 suka isa NBC. A Janairun 1968 ɗalibai sama da 200 na jami'ar Caltech suka yi tattaki da kwalaye zuwa ofishin tashar a Burbank. Ranar 1 ga Maris tashar ta sanar a kan iska cewa shirin zai dawo, wanda ma'anarsa ita ce don Allah a bar mu mu huta da wasiƙa. Daga baya ta fito cewa Roddenberry yana taimaka wa yunƙurin da kuɗi ta bayan fage. Wannan bai rage gaskiyar wasiƙun ba, amma ya nuna tun ran gini mai shirin ya san amfanin 'yan gani-kashe-ninsa.

NBC ta cika alkawari irin cikawar da ta fi saɓawa ciwo. Ta rage kasafi, ta kai shirin ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasan da ke kallonsa duk sun fita yawo. Roddenberry ya ja da baya, ingancin labaran ya faɗi, masoyan da kansu sun yarda zango na uku ya fi kowanne rauni. A watan Yunin 1969 aka nuna kashi na ƙarshe, makonni kaɗan kafin ɗan Adam ya taka wata.

To a nan lissafin yake, kuma shi ne abin da masu ba da labarin suka fi tsallakewa. Zango na ɗaya kashi 29 ne, na biyu 26. Da an tsaya a nan, kashi 55 ke nan, kuma ƙananan tashoshin da ke sayen tsofaffin shirye-shirye don maimaici ba sa son abin da zai ƙare musu da wuri, tunda kullum suke nunawa, Litinin zuwa Juma'a. Zangon nan mai rauni ya ƙara 24, jimilla 79, abin da ya isa a saya. Kamfanin Paramount, wanda ya gaji shirin bayan an sayi Desilu a 1967, ya sayar wa tashoshi don ya rage asara. Wasu suka sa shi da yamma, daidai lokacin da manyan tashoshi ke labarai. Raba 79 gida biyar, za ka ga cikin mako 16 an zagaye shirin kaf an koma farko. Yaron da ke dawowa daga makaranta ya kunna talabijin zai ga kowane kashi sau uku a shekara, shekara bayan shekara. Mutum ba ya kallon abu haka ya tsaya a mai kallo, haddacewa yake yi. Ya san lambar jirgin, ya san a wane kashi Spock ya yi murmushi, ya san inda marubuci ya manta abin da ya faɗa a baya. Ba a da bidiyon gida a lokacin, don haka wasu sukan kara rikoda a bakin lasifikar talabijin su ɗauki murya kawai, su yi ta saurare da dare. Wasiƙun 1968 ba su ceci shirin a NBC ba, amma sun sayo masa kashi 24 ɗin da suka ba shi rayuwa ta biyu.

Shekara goma tsakanin 1969 da 1979 babu sabon abu sai wani ɗan gajeren shirin zane da aka yi a 1973 zuwa 1974. Wannan yunwar ce ta gina al'adar masoyan. Tunda kamfani ya daina ba da labari, sai suka koma ba wa kansu. Tun 1967 wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, sun fara fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, kuma bayan an soke shirin irinta suka yawaita. Da keken rubutu ake bugawa, a gurza da injin gurza takardu irin na jarrabawar makaranta a da, a haɗa da hannu a falon wani, a aika ta gidan waya a kan kuɗin takarda da tawada. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki, abin da ya saɓa wa hoton da aka fi sani na saurayi mai tabarau da ba ya fita daga ɗaki. Sun rubuta abin da talabijin bai nuna ba: yadda ake aure a Vulcan, ƙuruciyar Spock, abin da ma'aikatan jirgi ke yi in sun tashi aiki. Wasu sun zarce har suka mai da abotar Kirk da Spock soyayya, abin da ya raba kan masoyan gida biyu tun a wancan lokaci. Har sukar junansu suna yi: a 1973 Paula Smith ta rubuta ɗan gajeren labarin shaguɓe a kan marubutan da ke cusa kansu cikin labari a siffar wata yarinya da ta fi kowa kyau da basira, ta kira ta Mary Sue, sunan da har yau masu sharhin adabi ke amfani da shi. Paramount ya san ana yi, ya kau da kai. Ba a cin riba, kuma talla ce kyauta.

A Janairun 1972 wasu masoya suka kama zaure a otal ɗin Statler Hilton na New York don taron kwana uku. Sun yi tsammanin 'yan ɗaruruwa, mutum sama da 3,000 suka zo. Roddenberry ya halarta, marubuci Isaac Asimov ya yi jawabi. Daga nan taron masoya ya zama sana'a, kuma ya zama abin da ya riƙe wasu daga cikin 'yan wasan. Kwantiragin wancan zamani ba ya ba ɗan wasa komai bayan an maimaita shiri 'yan lokuta, ga shi fuskokinsu sun manne da shirin har wasu furodusoshi ba sa ɗaukarsu. Ana nuna su kullum a faɗin ƙasa, aljihu kuwa babu labari. Kuɗin halartar taro ne ya cike giɓin.

Wannan dangantaka ba ta rasa tsami ba. Nimoy ya fitar da littafi a 1975 mai taken I Am Not Spock, wato shi ba Spock ba ne, masoya suka ɗauka ya tsani rawar da ta ɗaga shi, suka yi ta fushi. Sai bayan shekara ashirin ya rubuta wani ya sa masa I Am Spock. Shatner kuwa a 1986 ya fito a wani shirin barkwanci yana ce wa masu zuwa taro su je su nemi abin yi da rayuwarsu. Wasa ne, amma ya yi zafi don akwai ƙanshin gaskiya a ciki, kuma 'yan jarida sun daɗe suna neman masoyin da ya maƙala kunnen roba irin na Spock su ɗauka hoto. A 1996 wata mata a jihar Arkansas da aka zaɓa cikin masu taya alƙali sauraron shari'ar Whitewater, wadda ta shafi abokan kasuwancin Shugaba Clinton, ta riƙa zuwa kotu cikin kakin ma'aikatan jirgin. An sallame ta daga baya, ba don kakin ba, don ta yi hira da 'yan jarida. Har sunan da za a kira su rigima ne: wasu sun ce Trekkie raini ne, a ce musu Trekker.

Amma wanda ya tsaya a kunnen roba bai ga komai ba. James Doohan, wanda ya fito a matsayin injiniya Scotty, ya ba da labarin wata da ta rubuto masa wasiƙar da ta nuna tana shirin kashe kanta. Ya kira ta ya ce yana da taro nan da mako biyu, yana son ya gan ta a can. Ta zo. Ya ce to sai taro na gaba. Haka suka yi ta yi na tsawon lokaci, sannan ya daina jin ɗuriyarta. Bayan shekaru sai ga wasiƙa, ta gama digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki.

Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin hafsar sadarwar nan Uhura, sunan da aka ciro daga kalmar Swahili mai nufin 'yanci, ta sha ba da labarin yadda ta yanke shawarar barin shirin bayan zango na ɗaya, sai ta haɗu da Martin Luther King a wani taro ya ce mata ba ta isa ba, domin wannan ne wurin da ake ganin baƙar fata yadda ya kamata a gan su. Ta zauna. A 1977 NASA ta ɗauke ta yawon jawo mata da baƙar fata su nemi aikin 'yan sama jannati, kuma rukunin da aka ɗauka a 1978 shi ne na farko da ya ƙunshi mata, su shida, da baƙar fata uku. Mae Jemison, likitar da ta yi aiki a Saliyo da Laberiya kafin ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura na cikin abin da ya sa mata wannan buri. Shekara guda bayan ta dawo ta fito a wani kashi na sabon Star Trek.

Abin da ya sa uban ya waiwayi ɗansa kuɗi ne, ba kewa ba. Fim ɗin Star Wars na wani kamfani ya fito a 1977 ya kwashi dukiya, Paramount ya duba rumbunsa ya ga yana da nasa labarin sararin samaniya, har da masu saye da suka yi layi shekara da shekaru. Fim na farko ya fito a Disambar 1979. Ya ci kuɗi fiye da dala miliyan 40, kuma yana da nawa ƙwarai. Akwai wurin da Kirk da Scotty ke zagaya jirgin cikin wani ɗan ƙaramin kumbo, kusan minti biyar ba wata magana, kyamara na bin jikin jirgin a hankali. Baƙon kallo zai yi hamma. Wanda ya yi shekara goma yana kallon jirgin a ƙaramin allo mai dishi-dishi, shi aka yi wa wannan wurin, kuma ya san shi aka yi wa. Fim na biyu, The Wrath of Khan na 1982, an yi shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wancan kuɗi, an mai da Roddenberry ɗan ba da shawara kawai, kuma shi ne akasarin masoya ke ɗauka a matsayin gwani. Labari ya fita tun kafin a gama cewa Spock zai mutu a ciki, wasiƙun fushi suka sake tashi. Ya mutu ɗin, amma an bar ƙofa a buɗe, fim na uku ya dawo da shi. Daga nan masoya suka ƙirƙiro camfin cewa fina-finai masu lamba biyu, huɗu, shida su ne masu kyau, na tsakaninsu kuma sai haƙuri.

Akwai wata ɗabi'a da ta bayyana a 1987 wadda har yau ba ta sauya ba. Da aka sanar da The Next Generation, da sababbin 'yan wasa da wani Bature ɗan Ingila mai sanƙo, Patrick Stewart, a kujerar kyaftin, 'yan gani-kashe-nin farko suka ce ba Kirk ba Spock ba Star Trek. Shirin ya yi zango bakwai, kashi 178, ya ninka na asali. Waɗanda suka taso da shi su ne suka ce Deep Space Nine na 1993 ya cika duhu da yaƙi, ya ci amanar Roddenberry, wanda ya rasu a 1991. Haka aka yi wa fim ɗin J.J. Abrams na 2009, haka aka yi wa shirin Discovery a 2017. Kowane rukuni yana ganin wanda ya tarar yana yaro shi ne na gaskiya. Ina ganin rabin wannan suka kewar ƙuruciya ce kawai. Ɗaya rabin kuma yana da tushe: wanda ya shigo don muhawarar da ake yi a teburin kyaftin yana da hujjar yin ƙorafi in aka cika masa allo da fashe-fashe.

Ba kuma duk abin da aka yi a da ne abin alfahari ba. A zangon farko na The Next Generation akwai wani kashi da aka nuna wata duniya ta baƙar fata zalla, da rawuna, shugabansu ya sace farar mace, wanda 'yan wasan da kansu suka riƙa jin kunyarsa daga baya. Roddenberry kuma mutum ne da bai yarda da addini ba, kuma hakan ya fito a wasu labaran da ke ɗaukar imani a matsayin matakin da al'umma ke wucewa in ta waye. Mai kallo Musulmi zai lura da wannan. Deep Space Nine ne ya ɗauki masu ibada da muhimmanci, kuma shi ne ya ɗora baƙar fata, Avery Brooks, a kan shugabanci. Likitan wannan shirin, Alexander Siddig, haifaffen Sudan ne, kuma Sadiq al-Mahdi, tsohon firaministan ƙasar, baffansa ne. Sarki Abdallah na Jodan ma, tun yana yarima, ya taɓa fitowa na 'yan daƙiƙoƙi a Voyager, wani jerin shirin Star Trek, a 1996, ba tare da ya ce uffan ba.

In ana son ganin yadda haddar masoya ke juya kamfani, a dubi goshin Klingon, wasu mayaƙa 'yan wata duniya a cikin labarin. A shekarun 1960 waɗannan mayaƙa mutane ne da aka shafa wa hoda mai duhu da gashin baki, don iyakar abin da kuɗi ya iya ke nan. A fim ɗin 1979 kuɗi ya samu, aka yi musu goshi mai tudu-tudu. Kowa ya san dalilin, amma masoya suka ce a cikin labari fa, me ya faru? Aka yi ta muhawara a mujallu da taruka. A 1996 Deep Space Nine ya taɓo zancen cikin raha, aka tambayi wani Klingon ya ce ba sa tattauna wannan da bare. Sai a 2005 wani jerin Star Trek mai suna Enterprise ya ware kashi biyu cur ya ƙago wata cuta da ta shafe musu goshi na wani zamani. Shekara 26 ana bin bashin amsa a kan kwalliya, kuma aka biya. Harshensu ma haka. Masanin harsuna Marc Okrand ya tsara shi don fim na uku, ya fitar da ƙamus a 1985, ya juya tsarin jimla da gangan ya zama karɓau, aikatau, sannan aikau, kamar a ce "doki ya sayi Audu" alhali Audu ne ya saya. Masoya suka karɓa, suka kafa cibiyar harshen a 1992, suka fassara Hamlet. Wasu masoyan ma sun tsallaka sun zama masu shirin: Ronald D. Moore ya shigo ne da labarin da ya rubuta don kansa, ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutansa.

An soke Enterprise a 2005. Masoya suka sake tashi, har suka yi tayin haɗa kuɗin wani zango, kamfani ya ce a'a. Shekara goma sha biyu babu Star Trek a talabijin, kuma kamar a shekarun 1970, suka koma yi da kansu. Bambancin shi ne yanzu akwai kyamara mai araha, da kwamfuta mai haɗa hoto, da YouTube, da shafukan tara gudummawa. Abin da a da takarda ce da aka gurza a falo ya zama fim, wani lokaci har da tsofaffin 'yan wasan shirin a ciki. Wani yunƙuri mai suna Axanar ya tara sama da dala miliyan ɗaya, ya kama wurin ɗaukar fim, ya ce zai yi abin da zai yi gogayya da na kamfani. A Disambar 2015 kamfanonin CBS da Paramount, masu riƙe da haƙƙin mallakar shirin, suka kai ƙara. Cikin abubuwan da suka lissafa a matsayin mallakarsu har da harshen Klingon, sai wata ƙungiyar masu ƙirƙirar harsuna ta shigar wa kotu takarda, da Klingon a cikinta, tana cewa harshen da mutane ke magana da shi ba ya zama kayan wani.

A ganina masu Axanar sun wuce gona da iri. Tsohuwar yarjejeniyar da ba a rubuta ba ita ce ku yi wasanku, kada ku ci riba, kuma wanda ya tara miliyan ya buɗe wurin sana'a ya san ya taka ta. Sai dai hukuncin ya faɗa kan kowa. A 2016, shekarar da shirin ya cika hamsin, kamfanonin suka fitar da ƙa'idoji: fim ɗin masoya kada ya wuce minti 15, ko kashi biyu da ba su haura minti 30 ba, kada a tara fiye da dala 50,000, kada a sa wanda ya taɓa aiki a Star Trek na gaske. An sasanta ƙarar a Janairun 2017 a kan Axanar ya koma guntaye biyu na minti 15.

Akwai wani mutum a ƙaramin garin Ticonderoga na jihar New York, James Cawley, wanda sana'arsa kwaikwayon mawaƙi Elvis ce. Ya kwashe shekaru yana sake gina ɗakunan jirgin 1966 dalla-dalla, ɗakin tuƙi da asibiti da dogon lungun nan mai lanƙwasa, yana ɗaukar nasa fina-finan a ciki. Ya daina fim ɗin, ya karɓi lasisi daga kamfani, ya mai da wurin gidan ziyara. Yanzu mutane na sayen tikiti su shiga, Shatner ma yakan je lokaci-lokaci, ya zagaya da baƙi cikin kwafin ɗakin da aka rushe na ainihinsa tun 1969.